Mudun Awo: Sharhi a kan Yadda Ake Auna Samun Sauƙin Masu Shanyewar Ɓarin Jiki a Jiyyar Nesa da ta Na'urar Kwaikwayon Zahiri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan ma'aunan da masu bincike ke amfani da su wajen yanke hukunci a kan wasu sababbin hanyoyi biyu na farfaɗo da gaɓoɓin masu shanyewar ɓarin jiki. Hanya ta farko ita ce jiyyar nesa, wato majiyyaci yana gidansa, likitan gashi yana asibiti, suna ganin juna ta bidiyo a kan intanet. Ta biyu kuwa ita ce jiyya da na'urar kwaikwayon zahiri, inda kwamfuta ke nuna wa majiyyaci wata duniya ta hoto, a allo ko a cikin tabarau na musamman, shi kuma ya riƙa motsa hannunsa don ya kama wani abu, ko ya buga ƙwallo, a cikin wannan duniyar.

Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san ba a ƙulla ciniki sai an daidaita a kan mudu. Haka abin yake a nan. Idan aka ce sabuwar hanya ta yi daidai da tsohuwa, tilas mu tambaya: da wane ma'auni, a ina aka yi awon, kuma yaushe? Tambayar ba ta masana kaɗai ba ce, domin a kan irin waɗannan rahotanni ne asibitoci ke dogara su sayi na'urori masu tsada, kuma yawancin sauƙin da majiyyaci zai samu yana zuwa ne a watanni uku na farko. Idan aka ɓata masa waɗannan watanni, ba a iya maido masa da su.

Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa jiyya ta koma gida, amma mudun da ake auna ta da shi ya tsaya a asibiti. Za mu taƙaita magana a kan hannu, domin a kansa ne aka yi manyan gwaje-gwajen da za mu duba.

2.0 Ma'aunan da Aka Gada

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sashen da take shayarwa ya mutu, gaɓoɓin da yake sarrafawa su raunana. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ya raba illar irin wannan ciwo mataki uku: aikin gaɓa ita kanta, da ayyukan da mutum zai iya yi da ita, da kuma shigarsa cikin harkokin jama'a. Tsarin ya kuma bambance abin da mutum zai iya yi a wurin gwaji da abin da yake yi a haƙiƙa a muhallinsa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin sharhinmu.

Ma'aunin da ya fi shahara a mataki na farko shi ne na Fugl-Meyer, wanda aka buga a ƙasar Suwidin a 1975. Sashensa na hannu yana da gwaji 33, kowanne daga maki 0 zuwa 2, jimla maki 66. A mataki na biyu akwai gwajin ARAT na Lyle, na 1981, mai gwaji 19 da maki 57, inda majiyyaci ke ɗaukar 'yan katako da ƙwallo da ƙananan duwatsun wasa daga kan tebur. Akwai kuma gwajin Wolf, wanda ake riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa majiyyaci zai ɗauka ya kammala kowane aiki, iyaka daƙiƙa 120. Sai ma'aunin Barthel na 1965, mai duba abubuwa goma kamar cin abinci da wanka da hawan matakala, da na Rankin, wanda asalinsa na 1957 ne, mai matakai daga 0 zuwa 6 a sigar da ake amfani da ita yanzu.

Abin lura shi ne, Fugl-Meyer da ARAT da Wolf an ƙirƙire su ne don ɗakin asibiti, inda akwai ƙwararre, da tebur mai tsayi sananne, da majiyyacin da aka umurta ya yi amfani da shanyayyen hannunsa. Suna auna iyawa ne a ƙarƙashin umurni.

3.0 Manyan Gwaje-gwaje Uku

3.1 Gwajin EVREST

Gustavo Saposnik da abokan aikinsa sun buga wannan gwaji a mujallar Lancet Neurology a 2016. Sun ɗauki majiyyata 141 a cibiyoyi 14 na ƙasashen Kanada da Ajantina da Peru da Tailan, waɗanda ciwonsu bai wuce wata uku ba, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya yi wasa da na'urar Nintendo Wii, ɗayan kuma ya yi wasanni irin su karta da bingo da Jenga da ƙwallo. Kowane rukuni ya yi zama 10 na minti 60 cikin mako biyu, ƙari a kan gashin da aka saba yi musu. A gwajin Wolf, tsaka-tsakin lokacin masu Wii ya sauko daga daƙiƙa 43.7 zuwa 29.7, na masu karta kuma daga 38.0 zuwa 27.1. Lissafi bai nuna wani bambanci abin dogaro ba tsakaninsu.

Wannan gwaji ya cancanci yabo, domin ya daidaita lokacin da kowane rukuni ya samu, abin da ƙananan gwaje-gwaje da yawa da suka gabace shi ba su yi ba. Sai dai ma'auninsa na agogo ne, agogo kuwa sauri yake gani. Tun a 2000 Cirstea da Levin suka nuna cewa mai shanyewar ɓarin jiki yakan sunkuyo da ƙirjinsa gaba don ya kai ga abin da gwiwar hannunsa ta kasa miƙewa ta kai. Wanda ya ƙware a wannan dabara lokacinsa zai ragu, alhali gwiwar tana nan yadda take.

3.2 Gwajin VIRTUES

Iris Brunner da abokan aikinta sun buga nasu a mujallar Neurology a 2017, da majiyyata 120 a ƙasashen Norwe da Denmak da Beljiyam. Su ba kayan wasan kasuwa suka ɗauko ba, na'ura ce mai suna YouGrabber da aka ƙera musamman don jiyya. Duk da haka sakamakon bai sauya ba: a gwajin ARAT masu na'ura sun ƙaru da maki 12, masu gashin gargajiya da 13, bayan wata uku kuma kowane rukuni ya kai 17.

Ƙarin maki 17 cikin 57 ba ƙaramin abu ba ne, amma ba za a iya jingina shi ga jiyyar kai tsaye ba. An ɗauki majiyyatan ne cikin mako 12 na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke gyara kanta ko da na'ura ko babu. Wanda ya shuka a tsakiyar damina bai isa ya ce ban-ruwansa ne ya fitar da tsiro ba.

3.3 Gwajin Cramer

Wannan shi ne gwajin da masu goyon bayan jiyyar nesa suka fi kafa hujja da shi. Steven Cramer da abokan aikinsa sun buga shi a mujallar JAMA Neurology a 2019, da majiyyata 124 a cibiyoyi 11 na Amurka, waɗanda ciwonsu ya yi mako 4 zuwa 36. Kowa ya sami zama 36 na minti 70 cikin mako shida, rabi da sa idon likita, rabi shi kaɗai. Masu zuwa asibiti sun ƙaru da maki 8.36 a Fugl-Meyer, masu zama a gida da 7.86. Masu binciken suka yanke cewa jiyyar nesa ba ta gaza ta asibiti ba.

Gwaji ne mai tsari, kuma ya tabbatar da abu guda muhimmi, wato majiyyata za su iya jure horo mai yawa a gidajensu, domin na gida sun halarci sama da kashi 98 cikin 100 na zamansu. Amma akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kalmar "bai gaza ba" tana da iyakar da aka shata tun kafin a fara: an yarda jiyyar nesa ta yi ƙasa da ta asibiti da abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarin da ta asibiti ta kawo ba. Na biyu, babu rukuni na uku da aka bari a kan kulawar da aka saba, don haka ba a ware rabon jiyya daga rabon lokaci ba. Na uku, jiyyar ce ta nesa, amma awon Fugl-Meyer ido da ido aka yi shi, a hannun ƙwararru. Na huɗu, a ma'aunin da majiyyaci ke faɗin yadda hannunsa ke yi masa aiki da bakinsa, wato sashen hannu na ma'aunin SIS, rukunan biyu sun ci gaba, amma lissafi bai tabbatar da cewa jiyyar nesa ba ta gaza ba. Ke nan ma'aunin da ya fi kusa da rayuwar gida shi ne wanda hujjar ta fi rauni a kansa.

3.4 Bitar Cochrane

Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba fannonin biyu ƙarƙashin jagorancin Kate Laver. A bitar 2017 ta kwaikwayon zahiri, mai gwaji 72 da mutum 2,470, an ga na'ura ba ta fi gashin gargajiya ba idan lokaci ɗaya aka ba su, amma tana da amfani idan ƙari ce a kansa. Sabuwar bitar 2025, mai gwaji 190, ta sami ɗan fifiko kaɗan ga na'ura a aikin hannu, da hujjar da ba ta kai matakin ƙoli ba. Bitar jiyyar nesa ta 2020, mai gwaji 22 da mutum 1,937, ba ta ga bambanci tsakaninta da ta ido da ido ba a ayyukan yau da kullum. Wahalar da irin wannan bita ke fuskanta ita ce kowane gwaji da nasa mudu, kuma kalmar kwaikwayon zahiri ta haɗa kayan wasan yara na gaban talabijin da tabarau mai rufe ido baki ɗaya.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

4.1 Iyawa daban, yi daban

Edward Taub ya daɗe da bayyana yadda majiyyaci ke koyon yin watsi da shanyayyen hannu. A makonnin farko ya gwada ya kasa, sai ya koma ga lafiyayyen, har abin ya zame masa ɗabi'a ko bayan ƙarfi ya fara dawowa. A 2017 Waddell da Catherine Lang da abokan aikinsu a Jami'ar Washington ta birnin St. Louis sun gwada wannan da lamba. Majiyyatansu, waɗanda ciwonsu ya wuce wata shida, sun yi mako takwas suna maimaita motsin hannu sau dubbai. Kowane mako akan ɗaura musu na'ura mai kama da agogo a wuyan hannu biyu, ta yi awa 24 tana ƙirga motsi. Sakamakon shi ne, amfani da shanyayyen hannu a gida bai ƙaru ba, har ga waɗanda makinsu na ARAT ya hau.

Wannan bincike ya shafi maudu'inmu kai tsaye. Babban alkawarin jiyyar nesa shi ne horo a inda mutum yake rayuwa. Idan haka ne, ma'aunin da ya dace da alkawarin shi ne amfani da hannu a gida. Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwaje ukun nan da ya ɗauki wannan a matsayin babban ma'auninsa.

4.2 Makin wasa

Kowace na'ura tana ba da maki, kuma makin yana hawa kusan kullum. Majiyyaci yana jin daɗin ganinsa, kuma wannan yana ƙarfafa masa gwiwa. Amma makin wasa ba shaidar warkewa ba ne, saboda dalilai uku. Lafiyayyen mutum ma makinsa zai hau idan ya maimaita wasa, domin ya gane dabararsa. Sannan na'urar da ake riƙewa a hannu tana jin motsin kanta ne kawai, ba ta san ko kafaɗa ce ta motsa ta ko kuwa ƙugu ne ya juya ba. Daɗin daɗawa, na'urori da yawa suna sassauta wasa ko su tsananta shi gwargwadon ƙoƙarin mai yi, don haka maki 50 na yau ba lallai ya zama daidai da 50 na jiya ba. Malamin makaranta ya san wannan matsala sarai: ɗalibin da aka jarraba da tambayoyin da ya yi bita a kansu zai ci, amma cin bai nuna ya fahimci darasi ba.

Akwai kuma gajeren rai na na'urorin. Wii ta fito a 2006, kuma kafin a buga gwajin EVREST kamfaninta ya riga ya fitar da magajiyarta tun 2012. Kyamarar Kinect ta Xbox, wadda aka gina ɗimbin bincike a kanta, an daina ƙera ta a 2017. Ma'aunin Fugl-Meyer kuwa ya kai shekara 50 ana kwatanta sakamako da shi.

4.3 Awo ta bidiyo

Idan majiyyaci zai riƙa komawa asibiti don a auna shi, to an rage amfanin jiyyar nesa ga wanda aka yi ta dominsa, wato mai nisa da marar abin hawa. Shi ya sa, musamman tun annobar korona ta 2020, aka yi ta ƙoƙarin yin awo ta bidiyo. Sai dai wasu sassan Fugl-Meyer ba sa yiwuwa sai da taɓi. Akwai inda ake ƙwanƙwasa jijiya da ƙaramar guduma a ga zabura, akwai inda majiyyaci ke riƙe takarda ko fensir mai awo ya ja, akwai inda ake danna wuyan hannu a ji ƙarfinsa. Idan aka cire waɗannan, an sami sabon ma'auni mai tsohon suna, kuma ba daidai ba ne a kwatanta makinsa da maki 66 na asali ba tare da sabon gwajin inganci ba. Barthel da Rankin ana iya yin su ta tarho, amma mudu ne masu faɗin baki: mutum zai iya cin makin Barthel mai yawa da lafiyayyen hannunsa kaɗai.

Tambayar majiyyaci da kansa ma tana da nata cikas. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna samun matsalar magana ko fahimtarta a farkon ciwon, wasu kuma ciwon ya hana su gane cewa ɓarinsu ya shanye. Idan aka tambayi dangi a madadinsu, amsar takan bambanta da ta mai ciwon.

4.4 Maki nawa ne sauƙi?

Bambancin da lissafi ya tabbatar ba lallai ne majiyyaci ya ji shi a jikinsa ba. Don haka masana suka nemi mafi ƙanƙantar ƙarin da ke da ma'ana. Page da abokan aikinsa a 2012 sun ƙiyasta maki 4.25 zuwa 7.25 na Fugl-Meyer ga masu daɗaɗɗen ciwo, yayin da Arya da abokan aikinsa a 2011 suka sami 9 zuwa 10 ga waɗanda ciwonsu bai daɗe ba. Ƙarin kusan maki 8 na gwajin Cramer ya haye iyaka ta farko, bai kai ta biyu ba, kuma majiyyatansa sun haɗa da masu wata ɗaya da masu wata takwas. Hukuncin ya dogara ke nan ga iyakar da mai karatu ya zaɓa.

5.0 Shawarwari

Masanan fannin ba su yi barci a kan wannan ba. Taronsu na Filadelfiya a 2016 ya haifar da matsayar da Gert Kwakkel da abokan aikinsa suka buga a 2017, cewa kowane gwaji ya haɗa da Fugl-Meyer da ARAT, kuma a yi awo a lokuta sanannu da ake ƙirgawa daga ranar da ciwo ya faru. A 2019 suka ƙara da cewa a riƙa auna sigar motsi da kyamarori na musamman, don a bambance warkewa da dabarar kaucewa. Wannan ci gaba ne, amma ya ƙara ɗaure awo ga ɗakin bincike. A ganinmu akwai buƙatar ƙarin abubuwa huɗu.

Na ɗaya, duk gwajin jiyyar nesa ya auna amfani da hannu a gida da na'urar wuyan hannu, tare da tambayar majiyyaci. Na'urar ita kaɗai ba ta isa ba, domin ba ta bambance lilon hannu a tafiya da ɗaukar kofi. Na biyu, a ware makin wasa daga rahoton warkewa, a kuma gwada majiyyaci da aikin da bai yi horo a kansa ba. Na uku, duk ma'aunin da aka sauya don bidiyo a ba shi sunansa, a gwada shi da na ido da ido a kan mutane ɗaya. Na huɗu, a faɗi adadin waɗanda aka tantance aka ƙi ɗauka, da dalili. A gwajin Cramer masu bincike ne suka ba majiyyata kwamfuta da tebur da kayan wasa, abin da majiyyacin da ba ya cikin gwaji ba zai samu a sauƙaƙe ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu idan waɗannan hanyoyi suka iso asibitocinmu. An fassara ma'aunin SIS zuwa Hausa, an gwada ingancinsa, an buga sakamakon a 2014, kuma wannan aiki ne abin yabo. Amma fassara ba ta sauya abin da ake tambaya. Ma'aunan da muka ambata sun ɗauka cewa mutum yana ci a kan tebur, yana kwana a gado, yana hawan matakala. Majiyyacin da buƙatarsa ita ce ya tashi daga tabarma, ya tsuguna, ya yanki lomar tuwo da hannun dama, sauƙinsa ko rashinsa zai iya kuɓuce wa irin wannan mudu. Nan akwai aiki ga masana harshe da na al'ada da na awon ilimi, ba ga likitoci kaɗai ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, hujjar da ke hannu ta nuna cewa idan aka ba majiyyaci horo mai yawa, makinsa na asibiti yana hawa kusan daidai, ko da na'ura, ko da karta, ko ta bidiyo. Wannan ya isa ya halatta jiyyar nesa ga wanda asibiti ya yi wa nisa, ya kuma isa ya sa asibitin da kuɗinsa kaɗan ne ya yi tunani kafin ya fifita sayen na'ura a kan ɗaukar ma'aikatan gashi. Abin da hujjar ba ta nuna ba tukuna shi ne ko hannun da ya ci maki yana ɗaura maɓalli da buɗe ƙofa a gida. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin ne ya rage a yi. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malaman da ke koyar da dabarun awo da tantancewa, za su ɗauki wannan batu su faɗaɗa shi.